In'ina a Shagon Ɗinki da Teburin Zane

[Kiɗan buɗe shiri]

Muna gaida mutanen Bonkuku da ƙauyukan Imanan baki ɗaya, da na Filinge, Shikal, Tukunus, da duk inda muryarmu ta kai a ƙasar Kurfai. Masu ban-ruwan dankali a cikin kwarin dallol, sannunku da aiki. Teloli kuwa da ke kan keke, a ɗan sassauta ƙafa a ƙara muryar rediyo, don yau a shagonku za mu yini.

Zancenmu na yau a kan in'ina ne, da mutanen da ke da ita alhali abincinsu yana cikin sana'ar zane da ƙira: tela mai fitar da sabon yayi, mai surfani, baduku, maƙerin fari, mai ƙunshi, mai rubuta allon shago, da samarin nan na zamani da ke tsara katin biki da tambarin ƙungiya a waya ko a kwamfuta.

Ga abin da ya sa muka haɗa su. A gidajenmu, in yaro ya taso da in'ina, akwai maganar da ake yawan ji daga bakin iyaye: "Wannan ba zai iya kasuwa ba, ba zai iya lakkol ba, a kai shi ɗinki, can ba a magana." Da zuciya ɗaya ake faɗar ta, tausayi ne ke kawo ta. Amma wanda ya taɓa yini a shagon tela ana saura kwana goma Salla ya san maganar nan ba ta da tushe. Wa ya ce ba a magana a ɗinki? Hajiya za ta zo da shadda ta ce ga irin wuyan da take so. Dole a tambaye ta, a gwada ta, a ba ta shawara in abin da ta zaɓa ba zai zauna a jikin yadin ba. A yi ciniki, a karɓi kafin alƙalami, a sa rana. In ranar ta zo aiki bai ƙare ba, a ba da haƙuri, wanda shi ma fanni ne mai zaman kansa a wurin teloli, Allah ya shirye mu. Hannu da ido su ke fitar da riga, amma baki ne ke kawo ta shago, baki ne kuma ke yanke mata kuɗi.

To mece ce in'inar? Iri uku ake gani, kuma sau da yawa mutum ɗaya yana da duka. Akwai maimaita farkon kalma, kamar a ce "ba-ba-ba ni". Akwai jan sauti, a ce "ssssannu". Akwai kuma wadda ta fi wahala, wato tsayawa cak: baki a buɗe, iska ta ƙi fita, mutum ya san sarai abin da zai faɗa amma kalmar ta maƙale. A nan ne za ka ga wani yana runtse ido, ko buga ƙafa, ko dukan cinya. Ƙoƙarin ture kalmar ne yake yi, ba aljanu ba ne, ba kuma fushi ba ne.

Teloli za su fi kowa gane inda matsalar take. Keke yakan tsallake zare alhali yadi lafiya lau, zare mai kyau, tela kuma gwani. Abin da ya faru shi ne allura da ƙoshiya sun saɓa wa juna da ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Haka magana take. Numfashi, maƙogwaro, harshe da leɓe dole su haɗu a daidai lokaci ɗaya, ƙwaƙwalwa ce kuma ke tsara haɗuwar. A wurin mai in'ina, tsarin lokacin ne ke ɗan gocewa. Hankalinsa da fahimtarsa ba abin da ya taɓa su.

Masu bincike sun ce kusan babban mutum 1 cikin 100 yana da in'ina, a kowace ƙasa, a kowane harshe. Ku kwatanta da ranar Lahadi a kasuwar Balayara: duk inda ka ƙirga manya 1000, akwai kamar mutum 10 a cikinsu. Galibi tana farawa tsakanin shekara 2 zuwa 5. Yara kamar 5 cikin 100 sukan yi ta na wani lokaci, kuma wajen 3 cikin 4 daga cikinsu tana barinsu tun suna ƙanana. Waɗanda ta bi har girma, maza sun ninka mata kusan sau 4.

Tana bin jini. A shekarar 2010, wani masani a Amurka mai suna Dennis Drayna da abokan aikinsa sun gano wasu ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da in'ina, bayan sun bibiyi wasu dangi a Pakistan. Daga baya suka gano wata ƙwayar a cikin wani babban gida a Kamaru, inda in'ina ta yi yawa tun daga kakanni har jikoki. Waɗannan ƙwayoyi ba su ne bayanin kowace in'ina ba, amma sun isa su wanke iyaye mata daga zargi. Uwa ba ta jawo wa ɗanta in'ina don ta yi masa cakulkuli yana jariri ba. Yaro bai ɗauke ta don ya kwaikwayi wani ba. Kuma tun da a Bonkuku muke, inda yaro kan ji Tamajak a gida, Zabarmanci a kasuwa, Hausa a wurin wasa, Faransanci a lakkol, bari mu faɗa da babbar murya: yawan harsuna ba ya haifar da in'ina. Kada a hana yaro harshen kakarsa da sunan magani.

Maganar magani kuwa, in wani ya ba ku shawarar a kai yaro a tsaga masa ƙarƙashin harshe ko a yanke wani abu a bakinsa don in'ina ta tafi, ku ce masa an riga shi gwadawa. A shekarar 1841, wani babban likitan fiɗa a birnin Balin na Jamus, Dieffenbach, ya riƙa yanke wani yanki na harshen masu in'ina, likitoci a Faransa da Ingila suka bi sahunsa. Mutane suka zubar da jini, wasu suka mutu, in'ina ta dawo wa waɗanda suka rayu, aka watsar da aikin. Harshen lafiyarsa ƙalau, aska ba ta da abin yi a wurin.

[Ɗan kiɗa]

Masu saurare, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan masu in'ina da ke sana'ar zane da ɗinki. Yanzu mu shiga inda abin ya fi ciwo, wato aljihu.

Mai in'ina yakan san kalmar da za ta maƙale masa tun kafin ya iso gare ta. Don haka da yawansu sun ƙware wajen sauya kalma: in "gobe" za ta ƙi fita sai ya ce "in an kwana", ba wanda ya lura. Amma akwai kalmomin da ba su da madadi. Sunanka ba shi da madadi. Launin zare ba shi da madadi. Farashi kuma ba shi da madadi ko kaɗan.

Mu ɗauki misalin wani saurayi mai surfani. Ya kwana uku a kan wuyan riga, ya san aikinsa jika bakwai ne. Mai riga ya tsaya a kansa, ga mutane a shago, ya ce, "Malam tela, nawa zan kawo?" Saurayin ya ji "bakwai" ta tokare masa tun daga ƙirji. Ya san in ya tunkare ta zai yi "ba-ba-ba" a gaban jama'a, ƙila wani ya yi murmushi. Sai ya ce, "Jika shida." Ta fita sumul, ya huta. Ya sayi hutun numfashi ɗaya da jika guda. Ku lissafa haka sau nawa a wata, sau nawa a shekara. Sannan in mai riga ya taya ƙasa da haka, wani telan zai yi ta ja, ya kawo tsadar zare, ya kawo kuɗin lantarki, ya rantse. Shi kuwa wannan sai ya ɗaga kai kawai, don ja-in-ja yana cin kalmomi da yawa.

Daga nan sai a samu wani mai zaƙin baki, wa ne ko aboki ko maigidan shago, ya ce, "Kai dai zauna ciki ka yi aikinka, ni zan riƙa ji da mutane." Da farko sauƙi ne. Bayan shekara biyar, duk gari an san rigar da sunan mai zaƙin baki. Shi ke da lambar wayar masu kawo aiki, shi ke yanka farashi, shi ake kira in ana neman wanda zai kai kaya baje koli a Yamai. Wanda ya zana aska takwas ɗin da ake yabo yana can ƙuryar shago, ko sunansa ba a sani ba. A ganina wannan ita ce babbar asarar da in'ina ke jawowa a sana'a, kuma rabinta mu masu saurare muka ƙulla ta da rashin haƙurinmu.

A sana'ar zane suna shi ne jari. Ku dubi Alphadi, ɗan ƙasar nan da ya kafa bikin nuna tufafi na FIMA a shekarar 1998 a hamadar Tigidit kusa da Agadas. Ɗinki da surfani da ƙirar azurfa irin na ƙasarmu ya kai wa duniya, amma da sunansa a jiki, shi ya sa aka san wanda za a nema. Haka masu sana'ar da ke zaune a gidan tarihi na Bubu Hama da ƙauyen masu sana'a na Wadata a Yamai, da matan da ke kai kayansu baje kolin SAFEM: mai saye yana so ya ga wanda ya yi abin, ya tambaye shi, ya ji daga bakinsa. Wanda aka ɓoye a ƙurya an raba shi da wannan duka.

Ƴan mata ma ba su tsira ba, sai dai nasu ya fi ɓoyuwa. Yarinya mai in'ina takan zaɓi shiru, a yi ta yabonta da kunya da kawaici. Tana iya zama gwanar ƙunshi, amarya ta fito kowa na kallon ƙafarta, amma ƙawarta ce ke karɓar waya, ita ke faɗin kuɗi, wani lokaci ita ke riƙe canji.

To me za a yi?

Kai mai sana'a, fara da abin da ke hannunka. Kana da abin da mai sayar da goro ba shi da shi: aikinka yana iya bayyana kansa. Tara hotunan duk abin da ka yi a waya, ko ka liƙa su a littafi, kowanne da lamba da farashinsa a rubuce. Hajiya ta nuna lamba 12, kuɗinta na nan a ƙasa, ba sai ka yi kokawa da "bakwai" ba. Ka ajiye alli ko biro kusa: yayin da take bayani kana zanawa, ka juya mata takarda ta gani. Sau da yawa zane ɗaya ya fi dogon bayani kawar da rigima, ko ga tela mai baki kamar reza. Awo, launi, kafin alƙalami, ranar karɓa, duk a rubuce, ita da kwafi kai da kwafi. Masu zane a waya kuwa, WhatsApp ya rage muku wahalar kira, wanda shi ne ya fi tsananta wa masu in'ina da yawa don ba a ganin fuska. Tura samfuri biyu, a zaɓa, a amince a rubuce.

Amma ina da gargaɗi a nan. Waɗannan dabaru ne na kare kuɗinka, kada su zame maka sabuwar ƙurya. In ka wayi gari ba ka ɗaga waya sam, ba ka gaida mai shigowa, komai sai a rubuce, to tsoron ya ci ka, kuma tsoron in'ina ƙaruwa yake yi duk lokacin da aka guje masa. Masu koyar da gyaran magana sun daɗe da lura cewa wanda ya faɗa da bakinsa tun farko ya fi samun sauƙi. Ka ce, "Hajiya, ina da in'ina, ki ɗan ba ni lokaci." Shi ke nan. Ka sauke nauyin ɓoyewa, ita kuma ta san abin da ke faruwa, ba za ta zaci ka manta ba ne ko kana shirya ƙarya. Farashinka kuma ka faɗe shi ko zai ɗauke ka numfashi uku. Jika bakwai da aka faɗa da in'ina, jika bakwai ce cif.

Akwai wani mai tsara zane ɗan ƙasar Ayilan, Conor Foran, shi ma mai in'ina ne. Maimakon ya ɓoye ta, sai ya ƙirƙiro salon haruffa na kansa, inda harafi ke maimaituwa ko ya miƙe daidai yadda magana ke fita daga bakin mai in'ina, ya kuma fitar da mujalla mai suna Dysfluent da ke buga hirarraki da masu in'ina ba tare da an goge in'inar daga rubutun ba. Ba na ce kowa ya yi haka ba. Na kawo shi ne don samarinmu masu zane da manhajojin Canva da PixelLab su ji cewa akwai wanda aka san shi a wannan sana'a da in'inarsa a fili.

Kai kuma maigidan shago, yaron da aka kawo maka amana ne, kuma koyar da sana'a bai tsaya ga taka keke ba. In ka koya masa yanka ba ka koya masa karɓar aiki ba, rabin sana'a ka ba shi. Fara masa da mutanen da ka san suna da haƙuri. Ka ce, "Baba, ga yarona zai gwada ka," ka koma gefe ka kama bakinka. In an yaba riga, ka nuna wanda ya yi ta. Kuma ka hana sauran yara kwaikwayonsa, ko da wasa, don abin da ake kira wasa a shago shi ne yake kwana da shi.

[Ɗan kiɗa]

Saura mu masu kai ɗinki da masu sa a yi mana kati. Abin da ake nema a wurinmu kaɗan ne, amma yana mana wuya. Kada ka ƙarasa masa kalma. Ka zaci taimako ne, amma sau da yawa kuskure kake cankowa: yana son ya ce "baƙi" ka ce "bula", ya gaji ya ɗaga kai, ranar karɓa a yi rigima. Kada ka ce masa "yi a hankali" ko "ja numfashi". Ya ji wannan tun yana ɗan shekara 4, da tana magani da ya warke. Kada ka kau da kai kamar ka ga abin kunya, kada kuma ka juya ga na kusa da shi ka ce "me yake cewa?" Ka dube shi yadda kake duban kowa, ka jira. Jiran da wuya ya wuce ƴan daƙiƙu. Mu da ke iya zaman rabin yini a tasha muna jiran mota ta cika zuwa Filinge, ba mu da hujjar ƙosawa.

Wani zai ce, "To ai na ji shi yana karatun Alƙur'ani tiryan-tiryan, na ji shi yana waƙa a gona, ashe da gangan yake yi." Ba da gangan ba ne. Sananne ne cewa in'ina takan ragu ƙwarai ko ta ɓace in ana rera abu, ko ana faɗa tare da jama'a baki ɗaya, ko mutum yana magana shi kaɗai. Kari da amo suna ba ƙwaƙwalwa ma'aunin lokaci daga waje. Tana kuma hawa da sauka: yau da sauƙi, gobe da tsanani, musamman in ga gajiya ko gaggawa, irin ta daren Salla a shago.

Sai zancen da ake yi cewa masu in'ina suna da saurin fushi. Ni dai ban yarda halitta ce ba. A katse ka sau goma a yini, a yi dariya in ka buɗe baki, a mai da irin maganarka abin ban dariya a wasan kwaikwayo, sannan a ce kana da zuciya? Ko waye aka yi wa haka zai hasala.

Mu Musulmi ma ba mu da uzuri. A cikin Suratu Ɗaha, Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya roƙi Ubangiji ya warware masa ƙullin da ke harshensa don a fahimci maganarsa, kuma a Suratul Ƙasas ya ambaci cewa ɗan'uwansa Haruna ya fi shi fasahar harshe. Duk da haka shi aka aika wurin Fir'auna, shi ne kuma wanda Allah ya yi magana da shi. Wanda ya yi masa gori da rashin bayyanar magana, kamar yadda ya zo a Suratuz Zukhruf, Fir'auna ne. Duk mai kwaikwayon mai in'ina don a yi dariya, ya duba layin wa ya shiga. Suratul Hujurat kuma ta hana izgili da jifan juna da sunayen banza, wanda ya haɗa da laƙabin da ake liƙa wa yaro saboda bakinsa har ya bi shi zuwa furfura.

Iyaye, in ɗanku ya fara in'ina yana ƙarami, kada a tsawata masa, kada a sa shi maimaitawa a gaban baƙi. Ku rage saurin maganarku ku da kanku, ku bar shi ya kai ƙarshen zancensa. In ta wuce wata 6 ba ta ragu ba, ko akwai mai ita a dangi, ko yaron ya fara gudun magana, ku je likita ku nemi a haɗa ku da masanin gyaran magana, wanda ake kira ortofonis. Ba su da yawa a ƙasashenmu, galibi sai manyan birane, kuma makarantar ENAM ta Lome a Togo na cikin wuraren da ake horar da su a wannan yanki. Taimakon da aka yi da wuri ya fi amfani. Babba ma yana ƙaruwa da su, ko da in'inar ba ta tafi duka ba, don ana koyon sassauta kalma da rage tsoro. Wanda kuwa in'ina ta faɗo masa farat ɗaya yana babba, musamman tare da karkacewar baki ko mutuwar hannu, wannan wata cuta ce daban, a garzaya da shi asibiti a ranar.

Maƙwabtanmu sun riga mu haɗa kai. An yi taron farko na Afirka a kan in'ina a Duwala ta Kamaru a 2005, na biyu a Wagadugu a 2008, kuma masu in'inar ne da kansu suka tsaya a gaba. Tun 1998 ake ware ranar 22 ga Oktoba ta kowace shekara don faɗakarwa a kan in'ina a duniya. Ba abin da zai hana masu ita a Imanan da Kurfai, ko mutum biyar ne, su riƙa zama suna shan shayi suna magana ba mai katse wani.

Ƙungiyoyin manoman dankali na Bonkuku suna buƙatar tambari a buhu, da hatimi, da allo a bakin hanya. Masu aure suna buƙatar kati, masu shago suna buƙatar rubutu. In kun tashi ba da aikin nan, ku nemi wanda hannunsa ya fi kyau, ku je wurinsa kai tsaye ba ta bakin dillali ba, ku tambaye shi kuɗinsa, ku tsaya har ya gama faɗa, ku biya shi a hannunsa.

Masu in'ina da ke saurarenmu, layinmu a buɗe yake bayan wannan kiɗa. Ku kira ku ba mu labarin sana'arku. Mun yi alkawari ba za mu ƙarasa wa kowa kalma ba, ba kuma za mu katse kira don an jima ba.

[Kiɗan rufe shiri]